Mutumin da Ya Ce Bai San Jibrilla Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a ƙasar nan tamu, tsakanin Sabon Birni da Isa. Ba za ni faɗi sunansa ba. Ya riga mu gidan gaskiya, kuma ya bar 'ya'ya waɗanda ba su ci ba, ba su sha ba. Za mu riƙa ce masa Alhaji, kamar yadda kowa yake ce masa a ƙarshen zamaninsa.

Ba da Alhaji ya fara ba. Da tiya ya fara, yana awon gero da dawa a kasuwar Bafarawa, a ƙarƙashin rumfar kara. Mutum ne mai fara'a, mai zafin nema. Ba a taɓa kama shi da tauye mudu ba. In an kira salla yakan rufe buhunansa da tabarma ya tafi. Ku riƙe wannan da kyau, don kada wani ya ɗauka labarin mugu tun fil'azal nake ba ku. Mutum ne kamar ni, kamar ku.

Yana da uwa, Inna Mairama, mutuniyar Gangara. Lokacin da ta haife shi ta yi jinya mai tsawo, nononta ya ɗauke. A shekarar akwai wasu makiyaya daga wajen Tozai da suke sauka a gonar mijinta duk rani, shanunsu su ci kara, su bar masa taki. Matar mai garken tana goyo. Ita ta ɗauki jaririn nan ta haɗa da nata, ta shayar da su tare har wata biyar. Sunan ɗan nata Jibrilla.

Kun ga ke nan a shari'a 'yan uwa ne. Kuma haka suka tashi. Jibrilla ya girma ya zama manomi mai ɗan garke, ya auri wata yarinya mai suna Sadiƙa. Ba ya kiran mai awon nan da sunansa, sai dai ya ce masa Ɗan Inna. Ko karsanar da Inna Mairama ta saya da kuɗin ƙuli-ƙulinta, a hannun Jibrilla ta ajiye ta amana.

Sai fitina ta shigo ƙasa. Ba sai na ba ku labarinta ba, kun fi ni sani. Gonaki sun gagari noma, hanya ta gagari bi, an kwashe na kwashewa, an kashe na kashewa. Da aka kawo sojoji suka kafa sansani a wani tsohon sito na taki da ke bayan gari, mutane har guɗa suka yi. Kuma gaskiya ce, da yawansu sun bar iyalinsu sun zo sun mutu don mu kwana lafiya. Allah ya saka musu.

To, sansani yana buƙatar hatsi, da itace, da ruwa. Aka nemi mai kawowa. Mutumin namu ya dace, aka ba shi kwangila. Cikin kwangilar har da dafa abincin waɗanda ake kamowa bisa zargi, ana tsare da su a wasu kwantenoni biyu na ƙarfe a bayan siton, kafin a bincika lamarinsu.

Watan farko ya yi aiki tsakani da Allah. Sau uku ake kai musu abinci, da jarkokin ruwa wadatattu.

Wata rana wani babba a sansanin, wanda takardun kwangila suke bi ta hannunsa, ya ja shi gefe. Ya ce masa, “Alhaji, su wa kake yi wa wannan hidima? Waɗannan su ne suke kashe muku mutane. Sau ɗaya ya ishe su. Abin da ya ragu, ni da kai mun san yadda za mu yi da shi.”

Ya koma gida yana juya maganar. A ransa ya san ba duk na cikin kwantenar ne masu laifi ba, don ya ga fuskokin da ya sani a kasuwa. Amma Shaiɗan ba ya zuwar wa mai salla da kaho. Da lissafin hankali yake zuwa. Ya ce masa: Kai ka kama su? A'a. Kai kake dukan su? A'a. In ka ƙi, ba wani za a ba kwangilar ba, wanda ma sau ɗayan ba zai kai ba? Ai zamanka a wurin rahama ne gare su.

Ya yarda. Abinci ya koma sau ɗaya, da rana tsaka. Tuwo ya koma kunu, kunun ya koma ruwa-ruwa. Jarka shida ta koma biyu. Hatsin da ya ragu ya koma kasuwa ta bayan fage. Kafin shekara ta zagayo ya sayi a-kori-kura, ya rushe gidan ƙasa ya ɗora na bulo.

Ya 'yan uwa, haram ba ta shigowa da ƙarar ganga. Loma-loma take shigowa, kuma kowace loma da hujjarta.

Ana nan, cikin bazara, ɓarayin daji suka tare hanyar Bafarawa suka kashe sojoji biyu. Ranar kasuwa ta gaba aka zo da fushi aka yi kamen kan mai uwa da wabi. Duk wanda aka gani da babur da rawani da kamannin mutanen ruga, sai mota. Jibrilla ya shigo kasuwa ne sayen kanwa da maganin shanu. Aka haɗa da shi.

Kwana huɗu bayan haka Alhaji ya shiga sansani da kansa, don a sa masa hannu a takarda. Ya tarar an buɗe ƙofar kwantena ana miƙa bokitin kunu. Wani zafi da wari suka bugo shi, har ya ja da baya. Ku tuna yadda rufin kwano yake a watan bazara, sannan ku ce ɗakin duka ƙarfe ne, sama da ƙasa da gefe, ba taga sai 'yan hudoji, ga mutum fiye da arba'in a ciki, ba wurin miƙe ƙafa.

Daga cikin duhun sai ya ji murya.

“Ɗan Inna! Ɗan Inna, ni na, Jibrilla!”

Ya duba. Ga shi nan bakin ƙofa, ba riga, leɓe ya tsage, ido ɗaya ya kumbura ya rufe, igiya ta ci masa damatsa. Amma murmushi yake yi, murmushin wanda ya faɗa rijiya ya ga an zuro guga.

“Alhamdu lillahi! Gaya musu ka san ni. Gaya musu kanwa na zo saye. In ma ba su sake ni yau, ka gaya ma Sadiƙa ina nan, ban mutu ba.”

Babban nan yana tsaye kusa, takardar Alhaji a hannunsa, bai riga ya sa hannu ba. Ya juyo a hankali.

“Alhaji, ka san wannan? Mutumin ɓarayi ne fa. In naka ne ka faɗa mana, mu san da wa muke hulɗa.”

Ba wanda ya ɗora masa bindiga. Ba wanda ya ce za a jefa shi ciki. Abin da ya gani a wannan ɗan lokaci shi ne kwangila, da mota, da ginin da bai gama ba. Ya kau da kai, ya yi 'yar dariya.

“Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne. Kowa ya san ni. Ba kowa na sani ba.”

Aka sa hannu a takarda. Aka mayar da ƙofa.

A hanyar gida ya yi wa kansa alkawari. Bari ƙura ta lafa, in ji shi, sai in bi ta ƙarƙashin ƙasa in fitar da shi. Ya ce gobe. Goben ta zo ya ce jibi. Abu ɗaya da yake hannunsa, wanda ba ya buƙatar izinin kowa, shi ne ya ƙara jarkar ruwa ko da guda biyu. Ya yi tunanin haka. Sai ya ji tsoron kada babban ya tambaye shi dalili. Bai ƙara ba.

Kwana ashirin da uku Jibrilla ya yi. Gudawa ta shiga kwantenar, ga ƙishirwa, ga raunukan duka sun ruɓe. Wata ranar Talata bayan la'asar aka aiko a ce Alhaji ya kawo a-kori-kurarsa da shebur, kuma ya tuƙo da kansa. Gawa uku aka ɗora masa, an rufa musu buhunan hatsinsa. Ƙafa ɗaya ta leƙo waje. Ya san ƙafar, akwai tabon da kaho ya yi mata tun suna yara.

Aka kai su wani kwazazzabo bayan sansanin, kusa da wata aduwa. Rami ɗaya aka haƙa. Ba wanka, ba likkafani, ba salla. Wani ƙaramin soja ne ma ya tsaya daga baya, ya cire hularsa, bakinsa yana motsi. Alhaji kuwa yana cikin mota, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana kallon gaba.

Bayan sati guda Sadiƙa ta zo gidansa, da goyo a baya da yarinya a hannu. Ta zaga ofishin 'yan sanda, ta je gidan hakimi, ta tsaya ƙofar sansani an kore ta. Kowa ya ce mata, ki je wurin Alhaji, shi yake shiga can ciki.

Ta durƙusa daga bakin zaure.

“Yaya, kai kaɗai ka rage mini. Don Allah, ka gane shi? Shina da rai?”

Ga ƙofar tuba Allah ya sake buɗe masa. Kalma biyu ce: ya rasu. Da ta yi kuka, ta yi takaba, an yi addu'a, an raba gado. Amma in ya ce ya rasu, za a ce yaya aka yi ka sani? A ina? Me ya kashe shi? Wa yake ba su abinci?

Ya ce, “Kwantar da hankalinki. Na bincika. An wuce da su gaba, can babban gari. Lahiya lau yake. Irin wanga lamari sai haƙuri da addu'a.”

Ya sa aka ɗora mata buhun gero a kan babur. Ta tafi tana sa masa albarka, tana cewa Allah ya bar zumunci.

Shekara uku, ya 'yan uwa. Shekara uku baiwar Allah nan tana jiran wanda yake ƙarƙashin ƙasa. Ba ita ga matar aure ba, ba ita ga bazawara ba. Danginta suka ce ta je gaban alƙali a raba auren, ta ce ina, Yaya ya ce yana nan da rai. Duk wanda aka ce an sako daga wani wuri, sai ta sayar da akuya ta yi kuɗin mota ta je ta tambaye shi. Mahaifin Jibrilla ya tsufa ya makance, kullum yana zaune yana fuskantar hanya, har ya mutu bai ji labari ba.

Alhaji kuwa sai gaba. Motoci suka zama huɗu. Ya gina masallaci a unguwarsu, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya ɗauko Inna Mairama daga Gangara ya sa ta a ɗaki mai fanka. Duk azumi buhun Sadiƙa ne yake fara fita. In ya tuna kwantena sai ya ƙara sadaka, kamar mai zuba turare a kan mushe. Mutane suna cewa, kai, Allah ya yi wa wane arziki ya kuma yi masa zuciya.

Wa ya tambayi inda arzikin ya fito? Ba kowa. Wanda ya ci ladan kuturu, ai ba ya son a yi zancen aski.

A shekara ta uku aka canza shugabannin sansanin, aka tashe shi daga siton aka mayar wani wuri. Sababbin da suka zo suka duba waɗanda aka daɗe ana tsare da su nan da can ba tare da an kai su kotu ba, suka saki da dama. Cikinsu akwai wani ɗan kabu-kabu mutumin Isa, sunansa Badaru. Ya tafi yana saurayi ƙaƙƙarfa, ya dawo da sanda, haƙoran gaba babu. A kan cinyarsa Jibrilla ya cika.

Badaru bai dawo da niyyar tona asirin kowa ba. Wasiyya ce aka ɗora masa, ya zo saukewa. Ya fara zuwa wajen Tozai ya sami Sadiƙa, ya gaya mata rana da wata. Malaman garin suka lissafa, suka ce mata, “Baiwar Allah, takaba daga ranar mutuwa take farawa. Taki ta ƙare tun tuni.” Ko zaman makokin mijinta an ƙwace mata ba ta sani ba.

Daga nan ya nemi Inna Mairama. Lokacin Alhaji ya dawo daga hajjinsa na biyu, gida cike da baƙi, ana shirin walima washegari. Aka shigar da Badaru ɗakin tsohuwa.

Ya ce, “Inna, saƙo gare ni daga Jibrilla. Ya ce jar saniyar da ke garkenai, da 'ya'yanta, taki ce. Ya ce a gaya ma 'yan uwanai kada su sa ta cikin gado, amana ce.”

Tsohuwa ta dafe ƙirji. “Jibrilla ya mutu? Ina? Ba an ce an wuce da su gaba ba?”

“Nan bayan gari, Inna. Cikin kwantena.”

“Nan? Nan inda ɗana ka shiga kullum? Bai gane shi ba?”

Badaru ya sunkuyar da kai. Ta ce ta haɗa shi da Allah ya faɗa mata. Ya faɗa. Kunu, da jarka biyu, da ranar da Jibrilla ya kira Ɗan Inna, da amsar da aka ba shi. Matan da suke tsakar gida suna gyaran shinkafa duk sun ji. Kafin magariba maganar ta gama gari.

Inna Mairama ta aika a kira ɗanta. Ya shigo da farar jallabiyarsa ta Makka, yana ƙamshi. Ba ta ɗaga murya ba.

“Ka gane shi?”

“Inna, ba ki san yadda wurin nan yake ba. Mutanen ga ba a yi musu gardama. Da na ce na san shi…”

“Ba wannan na tambaye ka ba. Ka gane shi?”

“Na gane shi.”

“Shinkafar da nika ci gidan ga shekara uku, daga bakinsu anka ɗebo ta?”

Ta miƙe, ta ɗaure tsofaffin zannuwanta biyu a ɗankwali, ta bar duk abin da ya taɓa saya mata a kan gado, har carbin da ya kawo mata shekaranjiya. Ta sa aka nemo mata mai babur ya mayar da ita Gangara, ɗakinta na ƙasa da ya fara zubewa.

Washegari aka yi walima, don an riga an yanka bijimai biyu. Mutane suka zo, aka cika tabarmi. Aka jera faranti, shinkafa da nama har suna zuba. Aka ce bismilla.

Ba wanda ya miƙa hannu.

Aka sake cewa bismilla. Kowa ya zuba wa farantin gabansa ido. Can sai wani dattijo, Malam Na'Allah, wanda shi yake limanci a masallacin da Alhaji ya gina, ya tashi ya ɗauki takalmansa. Bai yi wa'azi ba, bai zagi kowa ba. Ya ce, “Ku gafarce ni, ba ni iyawa.” Ya fita. Ɗaya bayan ɗaya aka bi shi. Alhaji yana zaune a kan kujerarsa, ga tukwane goma sha, ga ƙuda. Da yamma a-kori-kura ce ta kwashe abincin aka kai bayan gari aka zubar.

Kwana uku bayan haka Sadiƙa ta zo, tare da 'yarta da ƙannen mijinta da Malam Na'Allah. Wannan karon ba ta durƙusa ba, ba ta kuma ce masa Yaya ba.

“Alhaji, ba ƙara na kawo ba, ba diyya nika so ba. An ce kai ka tuƙa motar. Malam ya ce wanda anka rufe ba salla, ana iya yi mai salla bisa kabari. Tashi ka nuna muna inda yake.”

Ya tashi da sauri, har da ɗan farin ciki a ransa. Ga abu ɗaya da zai iya gyarawa. Suka tafi bayan tsohon siton, wanda yanzu ba kowa sai jemagu.

Amma damina uku ta bi ta kan kwazazzabon nan. Ruwa ya ci gaɓa, ya faɗaɗa ta, ya canza mata hanya. Aduwar da ya riƙe a matsayin alama, masu itace sun sare ta, ko kututture babu. Ya tsaya nan ya ce nan ne. Ya duba gabas, ya ce a'a, can ne. Aka bi shi can. Ya dawo baya. Ya sauka cikin kwazazzabon, babbar rigarsa tana jan ƙasa, yana tona yashi da hannu. Tun hantsi har rana ta take tsaka suna biye da shi.

Daga ƙarshe ya zauna a kan yashi ya ce, “Ban sani ba. Ranar ban duba ba. Gaba nika kallo.”

Sadiƙa ta dube shi ta daɗe. Sannan ta juya ta kama hannun 'yarta suka hau gaɓa.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Aka zo binciken abincin tsararru. Babban nan an daɗe da mayar da shi wani wuri, kuma da aka tambaye shi ya ce shi takarda kawai ake kawo masa, ɗan kwangila ne ya san abin da yake dafawa. Duk takardun da sunan Alhaji. Motoci suka tafi wajen shari'a da lauyoyi. A kasuwa mutane suka daina awo a wurinsa. Masallacinsa ya koma sahu ɗaya, sannan rabin sahu.

Sau da yawa yana zuwa Gangara da buhu, Inna Mairama tana sa a mayar masa. Da surfen maƙwabta da nonon jar saniyarta ta rayu. Da ciwon ajali ya kama ta ya zo ya durƙusa yana kuka, yana neman gafara. Ta ɗora masa hannu a ka ta ce, “Nawa na yafe maka, duniya da lahira. Na Jibrilla ba nawa ba ne. Na sauran da ban san sunansu ba, ba nawa ba ne.” Ko kunun jinya ba ta karɓa daga hannunsa ba har ta cika.

Bayan rasuwarta hankalinsa bai sake zama daidai ba. Ba hauka ya yi ba, yana salla, yana gane mutane. Amma masu kiwo sun sha ganin sa da rana tsaka yana bin kwazazzabon nan da sanda, yana caka yashi. A can shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Ya yi wata biyu a kwance ba baki, ya mutu.

An yi masa wanka. An sa shi a likkafani. Malam Na'Allah ya yi masa salla, mutane sun tsaya a bayansa, don haƙƙin musulmi ne ko me ya aikata. Kabarinsa yana nan, 'ya'yansa sun san wurin. Na Jibrilla har yau Allah kaɗai ya sani.

Ya 'yan uwa, ban ce mutumin nan ɗan wuta ne ba. Wannan ba hurumina ba ne, kuma rahamar Allah ta fi zunubin kowa faɗi. Amma ku duba da me ya halaka. Bai taɓa riƙe bindiga ba. Bai taɓa ɗaga bulala ba. Da ludayi ya yi nasa zaluncin, da kuma kalma biyar: ba kowa na sani ba.

Kai mai neman dukiya, nema halal ne, arziki ba laifi ba ne. Amma ka riƙa auna kanka da wannan: akwai gaskiyar da a da kana iya faɗa, yanzu ba ka iyawa saboda abin da ka tara? In akwai, to ba kai ka mallaki dukiyar nan ba, ita ta mallake ka. Kuma sadaka ba ta wanke haƙƙin wani. Ba a ƙwace ruwan mai ƙishirwa a gina rijiya da kuɗinsa a ce an yi lada. Allah Mai tsarki ne, ba ya karɓa sai mai tsarki.

Kai mai kaki, ɗanmu ne kai, muna yi maka addu'a safe da yamma. Mun san abin da kake gani a daji. Amma wanda ka kama ka rufe, ya zama amana a wuyanka. Zargi ba hukunci ba ne. In mai laifi ne, a kai shi gaban alƙali. Ko an tabbatar da laifinsa, cinsa da shansa da iskar da zai shaƙa suna kanka, kuma iyalinsa suna da haƙƙin su san inda yake. An gaya mana mace ta shiga wuta saboda kyanwa da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Kyanwa fa! To ina ga ɗan Adam mai cewa la'ilaha illallahu?

Mu kuma sauran jama'a, kada mu yi saurin wanke hannu. Ranar walima mun ƙi ci, madalla. Shekara ukun da suka gabace ta fa? Mun ga motoci suna ƙaruwa, mun san inda yake shiga, mun ga matan da suke tsayuwa a ƙofar sansani da ƙullin fura ana korar su. Wa ya tambaya? Allah ya hana mu ɓoye shaida, ya ce mai ɓoye ta zuciyarsa ce ta yi zunubi. Wataƙila a cikin masallacin nan akwai wanda ya san inda ɗan wani yake, a raye ko a mace, ya yi shiru don tsoro ko don abin aljihu. Ɗan'uwa, akwai wata Sadiƙar da take jiran ka. Ka je ka faɗa mata tun kana iya gane wurin.

Ya Allah, ka jiƙan waɗanda suka mutu a tsare ba wanda ya sani, ka zama gatansu ranar da ba gata sai naka. Ka kuɓutar da wanda aka rufe bisa kuskure, ka mayar da shi ga iyalinsa. Ka shiryi masu iko da mu, ka sa tausayi a zukatansu. Ka kawo mana ƙarshen wannan fitina. Ka ba mu halal mai isar mu, ka raba mu da arzikin da zai ɗaure mana harshe. Allah ya kiyaye mu da cin haƙƙin wanda ba ya iya kare kansa, ya sa mu cika da imani. Amin.